Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitocin shirya tarukan ƙara wa juna sani a Jihar Katsina: a sauya sigar da ake karɓar maƙaloli

Zuwa ga shugabannin kwamitocin shirya taruka, da shugabannin tsangayoyi, da shugabannin ɗakunan karatu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya Katsina, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikatan ɗakin karatu ne da malaman kwamfuta da masu gyaran rubutun mujallu a nan Katsina da Daura. Buƙata ɗaya ce ta kawo mu gabanku: a gyara sakin layin nan na sanarwar neman maƙaloli da ke faɗa wa marubuci yadda zai turo aikinsa. Kusan ko'ina a ƙasar nan abin da yake cewa ɗaya ne: Times New Roman, girma 12, tazara biyu, kada a wuce shafi kaza, manazarta a salon APA, a turo ta imel. Duk sharuɗɗan nan na kamannin takarda ne a ido. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke tabbatar da cewa bayan taro ya watse na'ura za ta iya gane ina taken maƙala yake, wa ya rubuta ta, ina jadawali, waɗanne ayyuka aka kafa hujja da su. Yau kuwa ɗalibi ko manazarci ba ya isa ga maƙala sai na'ura ta fara isa gare ta ta nuna masa.

Kun fi mu sanin inda maƙalolin ke ƙarewa. A tattara su a kai maɗaba'a, a buga kundi kwafi kaɗan, kowane marubuci ya karɓi nasa ya ajiye domin ranar neman ƙarin girma. In an yi ƙoƙari, a haɗa kundin gaba ɗaya cikin PDF guda mai shafi ɗari biyar a jefa a zauren WhatsApp na mahalarta. Bayan shekara biyu wayoyi sun sauya, sakataren kwamiti ya koma wani aiki, fulas ɗin da ke ɗauke da asalin fayilolin ya ɓace. Malami ya yi wata shida yana bin gonaki a Mai'adua ko Sandamu yana auna amfanin gero, ɗalibin da ke Funtuwa yana neman irin wannan bincike domin kundin digirinsa, amma babu hanyar da za su haɗu. Ba mu ɗora laifin a kan wata makaranta ko wani kwamiti ba. Al'ada ce da aka gada daga lokacin da takarda kaɗai ake da ita.

Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar buga takarda, ya kuwa cika wannan aiki. Sai dai abin da ke cikin fayil ɗin umarnin zane ne: sa wannan harafi a nan, matsa dama kaza, sa wancan. In ba an yi masa alamomin tsari da gangan ba, bai san layin nan take ne, wancan kuma lambar shafi ce ba. Word kan sa alamomin idan aka adana ta hanyar Save As, amma in marubuci da hannu ya kaurara kanunsa babu abin da zai sa wa alama. Hanyar Print to PDF kuwa zubar da su take yi. Kowa zai iya gwadawa a ofishinsa. Ku buɗe wani kundi, ku kwafi jadawali mai layi goma ku manna a Excel. Sau da yawa alƙaluman duka cikin rukuni ɗaya za su zube, gurbin da ba komai a cikinsa ya ɓace, alƙaluman Daura su hau layin Zango. Ku kwafi sakin layi daga shafi mai rukuni biyu, za ku iya samun layin hagu ya haɗe da na dama, taken saman shafi ya faɗo tsakiyar jimla. Wanda aka yi da na'urar sikana ya fi muni, domin hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a ciki. Akwai manhajoji irin su GROBID da aka gina musamman domin su yi hasashen tsarin maƙala daga PDF, wato ana kashe ƙarfi wajen dawo da abin da marubuci yake da shi a hannu tun farko. Daga gari ana tuƙa tuwo, amma tuwo ba ya komawa gari. Mu asalin fayil muke roƙon a riƙa karɓa a adana. PDF a fitar da shi daga baya, ko sau nawa ake so.

Maƙalolin da aka rubuta da Hausa su suka fi shan wahala, kuma nan ne abin ya fi damun mu. A shekarun 1990 kwamfutocinmu ba su da haruffa masu ƙugiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, wasu ma suka yi nasu, aka samu aka buga littattafai da mujallu masu yawa da ingantacciyar ƙa'idar rubutu. Hidima ce da ba za a manta ba. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafin Hausa a kai. Shi ya sa har gobe ake cin karo da rubutu iri biyu: wanda ƙasa ke fitowa }asa, ɗaya ta fito ]aya, ɓarawo ya fito ~arawo; da wanda ake ganin qasa da xaya da varawo. A kwamfutar da ke da salon haruffan, ido na ganin ƙ. Na'ura kuwa } ko q take gani. Wanda ya rubuta "ƙarangiya" a injin bincike ba zai taɓa samun maƙalar da ke ɗauke da "}arangiya" ba, manhajar fassara ba za ta gane kalmar ba, manhajar da ke karanta wa makaho allo kuwa sunan alamar za ta ambata a tsakiyar kalma.

An daɗe da wuce wannan matsala. Kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin a tsarin Unicode: ɓ ita ce U+0253, Ɓ U+0181, ɗ U+0257, Ɗ U+018A, ƙ U+0199, Ƙ U+0198, sai ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita, U+01B4. Windows na da allon rubutun Hausa, Gboard na da shi a waya, manhajar allon rubutu ta Keyman kyauta ce, salon haruffa na Charis da Noto duk suna ɗauke da su. Abin da ya rage kwamiti ya rubuta a sanarwa cewa da Unicode kaɗai za a karɓa.

Amma a yi hattara wajen juya tsohon rubutu. Wanda ya ce wa Word ya mayar da kowace v ta zama ɓ, kowace x ta zama ɗ, zai wayi gari da "Uniɓersity" da "Oɗford" a manazarta, kuma irin wannan ya cika mujallunmu da ke intanet. Haka wanda ya sauya [ da ] a maƙalar ilimin furuci zai share bakan da ke kewaye da sautuka. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ware manazarta da duk wani ɗauko na Turanci a wani fayil tukuna, a sauya haruffa shidan ɗaya bayan ɗaya a jikin Hausar tare da kunna Match case, sannan a nemi kowane harafi mai ƙugiya a cikin kalmomin Turanci da suka rage a tsakiyar rubutu a gyara da hannu. Sai alamar ɗauri ta 'ya'ya da sa'a. Word kan juya ta da kansa, a farkon kalma ya mai da ita buɗin zance, a tsakiya ya mai da ita rufin zance, sai kalma ɗaya ta fito da lambobi daban-daban a maƙala guda. Kwamiti ya zaɓi alama ɗaya ya tsaya a kanta, a kuma kashe smart quotes, wato zaɓin da ke sa Word juya alamar, a samfurin da za a raba. Masu nazarin harshe da ke sa karin sauti da tsawon wasali su ma su yi da alamomin Unicode, kada su zana su.

Ajami da Larabci hukuncinsu ɗaya. Baitin waƙa ko nassi da aka manna a matsayin hoto ya fita daga bincike ke nan. Unicode 13 na shekarar 2020 ya ƙara haruffan da ajamin Hausa ke buƙata, kuma akwai salon haruffa na Alkalami da SIL ta yi bisa hannun rubutun ƙasar Hausa. A HTML, wato sigar da ake rubuta shafukan intanet da ita, ana yi wa kowane yanki alamar harshensa: ha ga boko, ha-Arab ga ajami, ar ga Larabci, tare da alamar rtl da ke nuna daga dama ake farawa. Garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, inda rubuce-rubucen hannu ke jibge a gidajen malamai, ya cancanci nazarin da ake yi a kansu ya zama abin da za a iya nema kalma da kalma.

Ba mu ne za mu fara ba. Ita kanta yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN aka ƙirƙiro ta, bayan shawarar da Tim Berners-Lee ya rubuta a 1989, domin masu bincike su riƙa musayar takardu. Rumbun PubMed Central na Amurka da tsarin JATS yake ajiye cikakken rubutun maƙalolin lafiya, tsarin yi wa sassan maƙala alama ne da hukumar ma'aunai ta NISO ta amince da shi a 2012. A 2015 taron SAVE-SD da aka yi a Italiya ya karɓi maƙaloli da RASH, wani taƙaitaccen HTML da masana a Jami'ar Bolonya suka tsara, wanda daga baya ya tsaya a alamomi 32 kacal. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM tana karɓar Word ko LaTeX (tsarin rubutu da masu lissafi ke amfani da shi) ta fitar da PDF da HTML tare. Rumbun maƙalolin kimiyya na arXiv ya fara nuna sigar HTML a Disambar 2023, babban dalilinsa kuwa masu bincike makafi da masu raunin gani, kuma ya faɗa a fili cewa ba kowace maƙala ke juyuwa daidai ba.

A ganinmu hanyar ACM da arXiv ce ta dace da mu. Kada a ce wa malamin Tarihi ko na Shari'a ya zauna ya rubuta HTML da hannu. Ba zai yi ba, kuma ba aikinsa ba ne. Marubuci ya ci gaba da Word ɗinsa, amma ya yi shi da tsari, kwamiti ya ɗauki nauyin juyawa. Wanda ya iya LaTeX ko Markdown, kamar wasu 'yan Lissafi da Kwamfuta, a karɓa masa.

Aikin daga samfuri yake farawa. Kwamiti ya shirya fayil ɗin Word guda ya rataya shi tare da sanarwa, ba bayan an karɓi maƙaloli ba. A cikinsa take ya zama Title, manyan sassa Heading 1, ƙanana Heading 2, kada a wuce Heading 3. Jadawali a yi shi da Insert Table, layin farko ya zama kan jadawali, ba tare da haɗe gurabe ba, kuma kada a jera alƙaluma da maɓallin tazara ko Tab. Lissafi a rubuta shi da Insert Equation. Sharhin ƙasan shafi a sa shi da Insert Footnote, domin ƙaramar lamba da aka ɗaga da hannu ba ta haɗe da komai. Kowane hoto a turo shi daban a matsayin PNG ko JPEG ko SVG, tare da jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana abin da ke cikinsa domin wanda ba ya gani. Faɗin ɗigo 1,600 ya ishi allo. Duk zanen ƙididdiga ya zo da alƙaluman da aka zana shi da su a fayil ɗin CSV, wato jadawalin alƙaluma a zallar rubutu. A nan akwai tarko: Excel na da CSV fiye da ɗaya a jerin adanawa, kuma wanda ba a rubuta UTF-8 a jikinsa ba zai mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya. Ƙanƙara ta koma ?an?ara, kuma in an rufe fayil ba ta dawowa.

Manazarta a haɗa su da manhajar tsara manazarta ta Zotero, wadda kyauta ce kuma tana aiki a cikin Word. Wanda bai saba da ita ba, a ƙalla ya sa DOI, wato lambar dindindin da ke kai mutum ga aiki a intanet, a ƙarshen kowane aikin da ke da shi. Mun san wannan ne zai fi jawo ƙorafi, shi ya sa muke ba da shawarar ɗakin karatu ya ware yini guda na horarwa makonni kaɗan bayan fitar sanarwa.

Bayanan maƙala kada a tsinto su daga shafin farko. A sa marubuci ya cike fom: take, tsakure, fitilun kalmomi, harshen maƙala, sunan kowane marubuci a gurbi biyu, makarantarsa, da lambarsa ta ORCID. Dakta da Farfesa da Alhaji da Malama su tsaya a takardar shirin taro, kada su shiga gurbin suna, in ba haka ba na'ura ta ɗauka Dakta sunan yanka ne. ORCID lamba ce mai gurbi 16, an fara ba da ita a 2012, rajistarta kyauta ce, mintuna kaɗan take ɗauka. Ta fi mana amfani fiye da Turawan da suka ƙirƙiro ta. Masu suna Muhammad Sani nawa ne a manyan makarantun jihar nan? Ga wanda yau zai sa sunan mahaifi a ƙarshe, gobe sunan garinsu, ga malamar da ta fara wallafa da sunan mahaifi ta koma na miji. Lambar ce ke tattara aikin mutum wuri ɗaya. Maƙalar Hausa ta zo da tsakuren Turanci, ta Turanci kuma, musamman ta noma da lafiya da ilimi, ta zo da tsakuren Hausa, domin malamin gona da ma'aikacin asibitin karkara su san abin da aka gano a yankinsu. Fom ɗin yana da wata fa'ida: tunda sunaye na wajen rubutu, mai tantancewa ba zai ga na wa yake dubawa ba, muddin an bi fayil ɗin da Inspect Document an goge sunan da Word ke ɓoyewa a bayanan fayil da cikin gyare-gyaren Track Changes.

Juyawar kanta ba ta da wuya. Pandoc manhaja ce ta kyauta da John MacFarlane ya fara a 2006, tana aiki ko babu intanet, kuma tsohuwar kwamfutar ofis ta ishe ta. A sa wa fayil suna marar tazara marar ƙugiya, sannan a ba da umarni biyu:

`pandoc makala014.docx -s --mathml --extract-media=hotuna -M lang=ha -o makala014.html`

`pandoc makala014.docx -s -t jats -o makala014.xml`

Na farko ya ba da shafin karantawa, na biyu ya ba da sigar ajiya da musaya da rumbuna. Daƙiƙoƙi kaɗan ne. Lokacin yana tafiya ne wajen dubawa, kuma ga inda ake samun ɓaraka. Rubutun da ke cikin Text Box da zanen SmartArt kan ɓace ba tare da gargaɗi ba. Lissafin da aka yi da tsohon Equation Editor, wanda Microsoft ta cire a 2018, ko da MathType, ba ya juyuwa zuwa MathML, wato sigar lissafi ta shafin intanet, sai dai ya fito hoto ko ya ɓace. Sai an sake rubuta shi. Zanen da aka kwafo kai tsaye daga Excel yakan fito a sigar EMF wadda burauza ba ta nunawa. Jadawali mai kanu hawa uku da gurabe a haɗe yakan karkace, gara a raba shi biyu. Maƙalar da ba a yi mata Heading ba kuwa za ta fito dogon zance ɗaya babu sassa. Duk waɗannan a fayil ɗin marubuci ake gyara su, ba a HTML ba, in ba haka ba sigogin su saɓa wa juna. Saboda haka a mayar wa marubuci da shafin ya duba a wayarsa ya amince kafin a wallafa, kamar yadda ake ba shi gyaran maɗaba'a.

A kiyasinmu maƙalar da ta bi samfuri rabin awa ta ishe ta dubawa, wadda ba ta bi ba tana iya cin rabin yini. Taro mai maƙala 60 ke nan yana buƙatar kamar awa 30 in an bi ƙa'ida: mutum ɗaya daga ɗakin karatu, ɗaya daga sashen kwamfuta, da ɗaliban da ke zaman koyon aiki, cikin mako guda. A sa ranar rufe karɓar gyararriyar maƙala mako uku kafin taro, a kuma rubuta sunayen waɗannan mutane biyu cikin kwamiti tun zaman farko, da ɗan alawus ɗinsu a kasafi. In aka bar shi aikin sa kai na bayan taro, ba za a yi ba.

Wajen wallafawa, kowace maƙala ta samu shafinta da adireshinta. Ƙa'idojin Google Scholar sun faɗi haka ƙarara: maƙala ɗaya a fayil ɗaya, kada fayil ya wuce megabait 5, kuma a ƙalla a samu take da cikakken sunan marubuci na farko da shekara a alamomin kan shafi, irin su citation_title da citation_author da citation_publication_date, sai citation_conference_title domin sunan taro. Kundi guda mai shafi ɗari biyar ya karya sharaɗi na farko, yawanci har da na biyu. Waɗannan alamomi daga fom ɗin nan za a cike su, sau ɗaya ake rubuta samfurinsu. Shafukan ba sa buƙatar wata babbar manhaja. Fayiloli ne a jaka, kowace shekara da tata. Amma a ajiye su ƙarƙashin adireshin makaranta na edu.ng. Adireshin da aka saya domin taro ɗaya shekara guda yake yi, ranar da aka manta biyan kuɗin sabuntawa duk mahaɗan da aka ambata a wasu ayyuka sun mutu. Makarantar da ke da rumbun ajiya a kan manhajar DSpace ko mujalla a kan manhajar OJS ta yi amfani da su, domin suna fitar da yawancin alamomin da kansu.

DOI kuma hanya biyu ce. Makarantar da ke da rajista da Crossref, hukumar da ke yi wa DOI rajista, tana iya yi wa kundin taro da kowace maƙala rajista, da kuɗin shekara da na kowace lamba. Wadda ba ta da shi ta buɗe wa taron zaure a Zenodo, rumbun da CERN ke riƙe da shi tun 2013, wanda ke ba da DOI kyauta, har ana iya kama lambar kafin wallafawa domin a buga ta a jikin maƙalar. A zuba duka a can: asalin fayil, HTML, JATS, PDF da CSV. Ya zama akwai kwafi a wajen makaranta ko da na'urar ajiyarta ta ƙone.

Mun san abin da za a ce. Na farko, kwamitin ƙarin girma takarda yake so mai lambar shafi da ISBN. Babu abin da zai hana. Kundi zai fito kamar kullum, da lambarsa daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, daga fayilolin nan guda. Ƙari ma mai tantancewa na waje zai iya danna DOI ya tabbatar maƙalar ta wanzu, ba a bugo ta jiya a shagon kwamfuta ba. Na biyu, wai sa aiki a fili zai jawo satar fasaha. Maƙalar da ke kwance a kabad ita ta fi daɗin sata, domin Turnitin mai gano satar fasaha da ire-irensa ba su taɓa ganin ta ba, kuma mai ita ba shi da shaidar ranar da ya riga kowa. Gaskiya ne rubutun da ke fili kowa zai karanta, har da na'urorin kamfanoni, don haka a rubuta lasisi a fom marubuci ya sa hannu da saninsa. Mu CC BY 4.0 muke ba da shawara, wanda ya wajabta ambaton mai aiki. Wanda ke shirin kai aikinsa wata mujalla a ba shi damar a wallafa take da tsakure kaɗai na wani lokaci.

Na uku, wuta da data. Wannan hujja mu take goya wa baya. Maƙala mai kalma 6,000 rubutunta a HTML bai fi kilobait 50 ba, alhali shafi ɗaya na sikana mai launi yakan ninka haka sau da yawa. Ɗalibanmu a waya suke karatu. Shafin A4 a allon waya sai an ja dama an ja hagu a kowane layi, HTML kuwa da kansa yake bin faɗin allo, mai raunin gani ya ƙara girman haruffa, makaho ya yi tsalle daga sashe zuwa sashe da manhajar karanta allo ta NVDA. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma muna ganin maƙalar da ba za su iya karantawa ba tana tauye wannan haƙƙi.

Ga sakin layin da muke roƙon ya maye gurbin na yanzu, ku gyara shi yadda ya dace da taronku:

"A rubuta maƙala a kan samfurin taro, a turo asalin fayil na Word ko LaTeX ko Markdown, ba a karɓar PDF kaɗai. Haruffan Hausa da ajami da Larabci su kasance na Unicode. Jadawali da lissafi su zama rubutu, ba hoto ba. Kowane hoto ya zo da bayaninsa, kowane zanen ƙididdiga da alƙalumansa a CSV UTF-8. Kowane marubuci ya ba da lambar ORCID a fom. Za a wallafa maƙalolin da aka amince da su a HTML da PDF, kowace da DOI nata."

Kada a tsananta a shekarar farko. Maƙalar da ta zo ba bisa samfuri ba a mayar da ita tare da nuna wuraren gyara, kada a ƙi ta. Dattijon malamin da mai buga masa rubutu ke shagon bakin ƙofar makaranta a taimaka masa, su ma masu shagunan a gayyace su horarwar, tunda da hannunsu ake buga kaso mai yawa na maƙalolin. Wanda intanet ta hana shi cike fom a karɓa masa ta imel a cike masa.

Daga shugabannin makarantu abu uku muke nema: majalisar malamai ta amince cewa shafin da ke da DOI hujja ce a wajen ƙarin girma daidai da kundin takarda, a ba ɗakin karatu gurbi na dindindin a adireshin makaranta domin kundayen taruka, a kuma umarci kwamitocin shekarun baya su miƙa duk asalin fayilolin da suka rage a hannunsu kafin su salwanta, a fara da na Hausa. Tsangaya ɗaya ta gwada a taronta na gaba ya isa a ga inda samfurin ke buƙatar gyara, sauran su ɗauka daga nan. Samfurin Word da fom da horarwar yini guda, a shirye muke mu yi su tare da ma'aikatan ɗakin karatun kowace makarantar da ta nema.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da basira, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan ɗakin karatu da malaman kwamfuta da masu gyaran rubutu,
Katsina da Daura.